Rumbun siffofi na SolidWorks a hannun masu ƙera injina a Kaduna: inda yake aiki da inda yake tsayawa

Duk wanda ke zana injin niƙa, injin casar masara ko injin markaɗe domin a ƙera a Panteka ko a Kakuri ya san cewa rabin zanen maimaici ne. Ramuka huɗu na zaman moton lantarki, ramuka biyu na gidan boris, gurbin ki a kan shaf: yau a kan wannan faranti, gobe a kan wancan, awo bai canja ba. SolidWorks, manhajar zanen kayan inji ta kamfanin Dassault Systèmes na Faransa, ta tanadi hanyoyi uku na adana irin wannan zane a riƙa ɗauko shi, waɗanda a kan allo ake kira Block, Derived Sketch da Library Feature. Na ukun ne ya fi amfani, kuma shi ne aka fi kuka da shi. Ra'ayinmu shi ne ya cancanci wahalar koyo, amma yawancin abin da ake ɗora wa manhajar laifinsa yana faruwa ne tun ranar da aka gina siffar asali, ba ranar da aka ɗauko ta ba.

Bambancin ukun a taƙaice. Block zane ne zalla, layuka da da'irori da aka ɗaure wuri ɗaya suna motsi tare, ana adana shi a fayil mai ƙarshen .sldblk. Ba ya yanka komai, ba ya ƙara komai, sai ka yi amfani da shi ka yanka da kanka. Derived Sketch kwafi ne da ke bin zanen asali: ka canja na asali, kwafin ya canja, kuma ba za ka iya ƙara masa layi ba, sai dai ka tsayar da shi a wurin da kake so. Library Feature kuwa yana ɗauke da zanen tare da aikin da aka yi da shi, wato yanka, zurfi, goge kusurwa, har da nau'o'in awo daban-daban, a fayil mai ƙarshen .sldlfp. Kana jawo shi daga Design Library, wato rumbun siffofi da ke gefen dama na allo, ka sake shi a kan fuskar ƙarfen, ya tambaye ka abin da zai dogara da shi.

Wannan tambayar ita ce zuciyar al'amarin. Duk wani abu na wajen zanen da ka jingina awo ko sharaɗi a kansa lokacin gini, gefen faranti ne, cibiyar fayil ce, wato ɗigon da manhajar ke fara awo daga gare shi, ko ɗaya daga cikin shimfiɗu uku na asali da ake fara zane a kansu, manhajar tana rubuta shi a matsayin madogara, kuma dole ne wanda zai ɗauko siffar ya nuna madadinsa a sabon aikin. Siffar da aka gina da kyau tana neman madogara biyu ko uku. Wadda aka gina da gaggawa tana iya neman bakwai, kuma biyu daga ciki babu wanda ya san abin da suke nufi, har wanda ya gina ta.

Misalin zaman moto ya isa ya nuna komai. Motocin da ke bin ma'aunin IEC, ma'aunin kayan lantarki na duniya, suna da tazarar ramukan ƙafa tsayayya gwargwadon firam, wato lambar girman moto. Firam 90L yana da milimita 140 a faɗi da 125 a tsawon shaf, ramin ƙafarsa milimita 10, ana ɗaure shi da bolti M8. Firam 100L yana da 160 da 140, firam 112M yana da 190 da 140, firam 132S kuma 216 da 140, dukkan ukun ramin ƙafarsu milimita 12 ne, na bolti M10. Tunda bel yana buƙatar ja, ba rami zagayayye ake yi a faranti ba, dogon rami ake yi wanda moto zai iya zamewa a ciki kamar milimita 40, kuma tsawonsa yana bin ɓangaren faɗin ƙafa, wato yana gilma shaf, ba ya bin sa. Faɗin ramin milimita 9 ga M8, 11 ga M10.

Ga yadda ya kamata a gina shi. A fara da farantin gwaji wanda ya ishi nau'in da ya fi girma, a ce 350 da 300, kauri 8. Wannan farantin ba ya cikin siffar, wurin tsayawa ne kawai. A kan fuskarsa a zana murabba'i da layukan taimako, waɗanda ba sa yanka, a sa masa awo biyu na tazarar ƙafa, a sa dogayen ramuka huɗu a kusurwoyinsa, a daidaita su da juna ta yadda awo ɗaya na tsawo da ɗaya na faɗi za su riƙe duka huɗun. Sannan daga ɗigon tsakiyar murabba'in a ja awo ɗaya zuwa dogon gefen faranti, ɗaya zuwa gajeren gefe. Kada ɗigon tsakiyar nan ya hau kan cibiyar fayil. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin hannu ya saba fara kowane zane daga cibiya, kuma a zanen yau da kullum hakan ne daidai. A nan kuwa cibiyar tana zama madogara ta huɗu da babu buƙatarta, wadda a sabon aiki tana iya kasancewa can nesa da inda moto zai zauna.

Sai maganar sharaɗin kwanciya da na tsayuwa, wato ƙa'idar da ke tilasta wa layi ya zauna a kwance ko a tsaye. SolidWorks tana saka su da kanta duk lokacin da ka ja layi a miƙe, kuma kayan zana murabba'i yana zuwa da su. Matsalar ita ce kwanciya da tsayuwa ba a auna su da farantinka, ana auna su ne da yadda manhajar ta ga dama ta daidaita shimfiɗar zanen a kan fuskar da ka zaɓa. A fuskar sama abin yana tafiya daidai. A fuskar gefe, ko a kan faranti mai karkata irin na mazubin hatsi, ramukan sai su fito a juye da digiri 90, ko su ƙi bin gefen. Idan kuma awon da ka ja daga layi ne zuwa layi, wanda ke nufin dole su tafi a jere, sai sharuɗɗan biyu su yi karo, zanen ya koma ja da rawaya. Maganin shi ne a buɗe Display/Delete Relations, a goge duk sharaɗin kwanciya da tsayuwa, a sa layin taimako ɗaya ya bi dogon gefen faranti da sharaɗin Parallel, sauran layuka kuma a ƙulla su da wannan layin, ko su bi shi ko su gilma shi. Gefen nan dama madogara ne, saboda haka ba a ƙara sabuwa ba. Zanen ya zama baƙi gaba ɗaya kafin a fita. Shuɗin layi ko guda ɗaya alama ce cewa wani abu zai motsa idan an kai shi sabon wuri.

Bayan an yanka, a zaɓi yankan a jerin siffofi, wato jerin matakan aikin da manhajar ke nunawa, a adana a matsayin .sldlfp. Siffofin da suka shiga za su sami alamar L a jikinsu, kuma folda biyu za su bayyana, References da Dimensions. A nan akwai aikin minti biyar da yawancin mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba rumbun da yaran shago za su iya amfani da shi da wanda oga kaɗai ke ganewa. A sake wa madogaran suna, daga Edge1 da Edge2 zuwa "dogon gefe" da "gajeren gefe". Manhajar tana karɓar sunan Hausa ba matsala, sai dai ya fi aminci a guji haruffa masu lanƙwasa a sunan fayil. A ja awon nan biyu na matsayi zuwa Locating Dimensions domin a riƙa tambayarsu a kowane sakawa. Awon da ba a so kowa ya taɓa, kamar faɗin rami, a tura shi Internal Dimensions, ya ɓuya. Tazarar ƙafa kuwa a yi mata nau'i huɗu masu suna 90L, 100L, 112M da 132S. Ana iya yin hakan da teburin awo, amma shi yana buƙatar Excel a kwamfutar, kuma ga nau'i huɗu yi da hannu ya fi sauri. A gwada kowane nau'i, a danna Ctrl da Q domin a tilasta sake gini daga tushe, kafin a rufe fayil.

Idan an yi haka, sakawa danna uku ce da lamba biyu. Wannan ɓangaren SolidWorks ta yi shi da kyau ƙwarai: ƙaramar taga tana nuna siffar asali tana haskaka gefen da ake nema a wannan lokacin, sai ka danna takwaransa a naka aikin. Wanda ya fara koyon manhajar makon jiya zai iya.

Yanzu ga abubuwan da ke lalacewa ko da ginin ya yi kyau. Na farko, ramuka su faɗa wajen faranti, manhajar ta ce yankan bai taɓa komai ba. Awo daga gefe lamba ce kawai, kuma gefe yana da ɓangare biyu. Idan ka zaɓi gefen da ke kishiyar wanda aka yi amfani da shi a asali, manhajar tana iya auna tazarar zuwa waje. Kafin ka fara gyare-gyare, soke ka sake sakawa, ka zaɓi gefuna biyu da ke haɗuwa a kusurwa irin ta hoton asali. Idan tilas sai wancan gefen, a buɗe zanen bayan sakawa a juya alkiblar awon a akwatin da ake canja lamba. Haka kuma sakawa a fuskar ƙasa maimakon ta sama yana ba da siffa a juye kamar ta madubi. Ga zaman moto babu damuwa tunda hagu da dama ɗaya ne, amma ga ƙofar duba ciki mai rami ɗaya a gefe, kuskure ne da ba a gani sai ƙarfe ya dawo daga yanka.

Na biyu, iyakar yanka. Idan aka sa zurfi tsayayye na milimita 8 saboda farantin gwaji 8 ne, ranar da aka saka a faranti mai 10 ramin ba zai ɓulle ba, kuma daga sama ba za ka lura ba. Through All yana magance wannan, amma shi kuma ba ya tsayawa: a kan bututu mai kusurwa huɗu na 40 da 40 zai huda bango biyu, a firam ɗin walda mai sassa da yawa zai huda duk angul ɗin da ke ƙarƙashinsa. Up To Next shi ne ya fi dacewa da yawancin aikin faranti, domin yana tsayawa da ya ɓulle bangon farko kuma ba ya ƙara madogara. Up To Surface yana ƙarawa, a guje shi.

Na uku shi ne saƙon kuskure na kauri sifili da manhajar ke fitarwa, wanda ke rikita sababbi sosai. Lissafi ne kawai. A firam 132S, tazarar 216 da zamewar 40 da faɗin rami 11 sun ba da 267 daga ƙarshen rami zuwa ƙarshen rami. Farantin da faɗinsa 250 ne, ramukan za su fasa gefe, wanda manhajar za ta yarda da shi ba tare da ta ce uffan ba. Farantin da faɗinsa 267 ne daidai, bakin ramin zai taɓa gefe a ɗigo ɗaya, kuma wannan ne manhajar ba za ta iya ginawa ba. Duka biyun zane ne mara kyau. A bar aƙalla milimita 15 zuwa 20 na ƙarfe bayan rami, abin da ke nufin farantin 132S ya kai 300 ko fiye.

Akwai kuma lalacewar da ke zuwa daga baya. An saka siffa lafiya, bayan kwana biyu wani ya goge kusurwar faranti ko ya yanke gefen, kuma aikin nasa ya zauna sama da siffar a jerin. Gefen da awo ya dogara da shi ya ɓace, awon ya koma launin ƙasa-ƙasa, alamar yana reto. Kada a goge siffar. Ko dai a ja ta sama a jerin ta riga goge kusurwar, ko a buɗe ta a nuna mata sabon gefe. Dokar da ke hana wannan tun farko: ramuka su riga ado, goge kusurwa ya zo ƙarshe.

Inda muke ganin SolidWorks ta gaza a yanayin aikinmu shi ne maganar haɗi da fayil ɗin asali. Lokacin sakawa akwai akwatin Link to library part. Idan an danna shi, duk gyaran da aka yi wa asali yana shiga ayyukan da suka ɗauke shi, kuma ba a iya canja awon girma a wurin. Idan ba a danna ba, siffar ta zama mai zaman kanta, Override dimension values, wato wurin canja awon girma, ya buɗe. A kamfanin da ke da sabar guda da kowa ke jingina da ita, haɗin alheri ne. A shagon da zane ke yawo a filasha tsakanin kwamfutar oga, ta ɗalibin da ya zo horon aiki daga Kaduna Polytechnic, da ta wurin buga takarda, haɗin tarko ne. Manhajar tana tuna hanyar fayil ne, kuma filashar da take E a wannan kwamfuta tana iya zama F a waccan. Mafi muni ma, wani ya gyara asali saboda aikin yau, injin da aka ƙera bara ya canja awo a zane alhali na ƙarfe yana wurin mai shi yana aiki, ranar da aka zo neman kayan gyara sai a yanka abin da ba zai shiga ba. Ga ƙaramin shago, a bar akwatin nan babu danna. Idan siffa ta riga ta rikice, danna dama a zaɓi Dissolve Library Feature yana wargaza ta zuwa zane da yanka na yau da kullum da za a iya gyarawa.

Wurin ajiya ma abin lura ne. Rumbun da ke zuwa da manhajar yana cikin ProgramData, folda ce ɓoyayya a Windows, kuma kowace fitowa ta shekara tana da tata. Wanda ya zuba siffofinsa a can, ranar da aka sa sabuwar fitowa zai buɗe ya ga wayam, ranar da aka wanke kwamfuta kuwa sun tafi. A buɗe folda ta daban a wani sashen faifai, a ƙara ta ta Options, System Options, File Locations, a zaɓi Design Library, kuma hanyar ta zama iri ɗaya a duk kwamfutocin shago. Sannan a gina rumbun a kwamfutar da ke da fitowa mafi tsufa, domin sabuwa tana buɗe fayil ɗin tsohuwa, amma da zarar an yi masa adanawa ta yau da kullum a sabuwa, tsohuwar ba za ta ƙara iya gyara shi ba. Mutum ɗaya ya buɗe siffa ya danna adanawa ba tare da ya canja komai ba, ya isa ya rufe wa sauran ƙofa.

Siffofin da kamfanin ya sako a rumbun, gurbin ki, dogayen ramuka, gurbin zoben roba da sauransu, suna da kyau wajen koyo; buɗe ɗaya ka ga yadda aka tsara madogaransa ya fi dogon bayani. Wajen aiki kuwa a gwada awonsu da abin da ke hannu. A ma'aunin DIN 6885, ma'aunin Jamus na girman ki, shaf ɗin da ya wuce 22 har zuwa 30 yana ɗaukar ki 8 da 7, zurfin gurbi 4 a shaf da 3.3 a fuli; wanda ya wuce 30 har zuwa 38 yana ɗaukar 10 da 8, zurfi 5 da 3.3. Wannan ya dace da shaf 24 na firam 90, 28 na firam 100 da 112, da 38 na firam 132. Amma kayan da ake tsinta a kasuwa ba duka ke bin littafi ba, musamman tsofaffin motoci da fulin da aka yi a inci, saboda haka a auna kafin a zaɓi nau'i. Gidan boris ma haka: UCP205 na shaf 25 tazarar boltinsa 105 ce, UCP206 na shaf 30 tazararsa 121, kuma siffa ɗaya mai nau'i biyu ta wadatar da su.

Block ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai matsalarsa kusan kullum daga fayil ɗin DXF take zuwa, wato nau'in fayil da ake musayar zane da shi tsakanin manhajoji. Tambarin shago ko siffar wuƙar injin da aka karɓo daga mai AutoCAD tana zuwa da layuka a kan layuka da ƙananan giɓi da ido ba ya gani, sai yanka ya ƙi, a ce zanen a buɗe yake. Repair Sketch da Check Sketch for Feature suna nuna wurin. A gyara kafin a mayar da shi Block, ba bayan ba, in ba haka ba za a riƙa wargaza shi a kowane aiki. Idan ya fito ƙanƙane ainun, an zana shi a inci an shigo da shi a milimita, bambancin ninki 25.4 ne, kuma a tagar shigowa ake gyara wannan. A sa ɗigon sakawa a wuri mai ma'ana, tsakiyar rami ko kusurwa. Derived Sketch kuwa amfaninsa ya tsaya ne a cikin aiki ɗaya, kamar bango biyu na injin da dole ramukansu su yi daidai da juna, kuma bai dace da rumbu ba.

Game da tsada, lasisin kasuwanci ya yi wa yawancin ƙananan shaguna nauyi, na ɗalibai kuma ba a yarda a yi aikin kuɗi da shi ba. Windows kaɗai take hawa, kuma sababbin fitowa suna son ƙwaƙwalwar gigabait 16, abin da tsofaffin kwamfutocin hannu da ake saye ba kasafai suke da shi ba sai an ƙara. Abin da ke gefenta shi ne rumbun yana zaune a kwamfutarka, ba ya jiran intanet kamar manhajar zane ta Onshape, kuma idan aka kunna adanawa ta kai tsaye a Backup/Recover, ɗauke wuta ba ya cin aikin yini. Masu manhajar Autodesk Inventor suna da makamancin Library Feature mai suna iFeature, kuma duk abin da aka faɗa a kan madogara da sharaɗin kwanciya ya shafe su. FreeCAD kyauta ce, kuma fitowarta ta 1.0 a shekarar 2024 ta rage matsalar ɓacewar gefuna da ta daɗe tana damun masu amfani da ita, amma wajen jawo siffa a sake ta a nuna gefe biyu a wuce, ba ta kai SolidWorks sauƙi ba.

Shagon da ke ƙera injin iri ɗaya ko biyu, siffofi biyar zuwa shida sun ishe shi: zaman moto, zaman gidan boris, gurbin ki na shaf, gurbin ki na fuli, da zoben ramukan murfi. Rami guda ɗaya ba ya buƙatar rumbu, Hole Wizard, kayan huda rami na manhajar, ya fi sauri. Kowace siffa kafin ta shiga folda a gwada ta a fuskar sama, a fuskar gefe, a fuska mai karkata, da kuma a faranti mai kauri daban, kuma wanda bai gina ta ba ne zai yi gwajin.